Tabaran Sauti: Yadda Ake Tattara Amo Wuri Guda

Gilashin ƙara girman rubutu, idan aka tara shi a rana aka sa takarda a ƙarƙashinsa, yakan tattara duk hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi ɗigo ɗaya mai zafi, har takardar ta fara hayaƙi. Wannan ɗigo shi ne matattara. Abin da gilashin ya yi wa haske ana iya yi wa sauti. Akan sa wani abu a kan hanyarsa ya lanƙwasa shi ya haɗa shi wuri guda, ta yadda amon da kunne bai iya kamawa ba zai fito sarai a daidai wannan wurin. Abin da ke yin wannan aiki shi ne tabaran sauti. Ba safai ake yin sa da gilashi ba. Akwai na iskar gas, akwai na roba, akwai na farantan ƙarfe da aka jera, akwai ma na kitse a goshin wasu dabbobin teku. Duk matar da ta taɓa zuwa awo aka yi mata sikanin, an ɗora mata irin wannan tabarau a fatar cikinta.

Sauti da saurin tafiyarsa

Sauti girgiza ce da ke ratsa abu. Idan makaɗi ya buga ganga, fatar takan tura iskar da ke gabanta ta matse ta, sannan ta koma baya iskar ta saki. Matsewa da saki suna bin juna suna yaɗuwa, kowane sashe na iska yana tura na kusa da shi, har girgizar ta iso dodon kunne. Wannan jeri shi ake kira igiyar sauti. Yawan matsewar da ke wucewa a sakan ɗaya ana ƙidaya shi da haz, tazarar da ke tsakanin matsewa ɗaya da mai bi mata kuwa ita ce tsawon zango. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa haz 20,000. Abin da ya haura haka kunnen mutum ba ya kama shi, amma yana nan, kuma da shi na'urorin asibiti ke aiki.

Saurin sauti ya danganta da abin da yake ratsawa. A iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana cin mita 343 a sakan ɗaya, kuma duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa kimanin santimita 60 a sakan. A iskar kabon dayokzayid, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, yana raguwa zuwa wajen mita 267. A iskar hiliyam mara nauyi yana kaiwa mita 1,000. A ruwa kusan mita 1,480 ne, a tsokar jikin mutum mita 1,540, a baƙin ƙarfe mai ƙarfi wajen mita 5,900.

Saurinsa a ruwa an fara auna shi da kyau a shekarar 1826 a Tafkin Janeba da ke Suwizalan. Daniel Colladon da Charles Sturm suka shirya gwajin da jiragen ruwa biyu masu tazarar fiye da kilomita 13. A jirgi ɗaya aka buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa, a lokaci guda kuma aka kunna albarushi a sama. Wanda ke ɗaya jirgin ya ga walƙiyar, ya ƙirga lokaci har amon ƙararrawar ya iso masa ta wani bututu da ya tsoma a ruwa. Suka sami mita 1,435 a sakan a ruwan tafkin mai sanyi, adadin da bai yi nisa da na awon zamani ba.

Abin da ke sa igiya ta lanƙwasa

Idan igiyar sauti ta fita daga wani abu ta shiga wani wanda saurinta ya bambanta a cikinsa, takan canza alkibla, muddin a karkace ta shiga. Amalanken shanu mai taya biyu da ke tafe a kan ƙasa mai tauri, idan ya faɗa yashi a karkace, tayar da ta fara nutsewa ita ke fara rage gudu, ɗayar kuwa tana nan tana juyawa a kan tauri, sai amalanken ya juya zuwa gefen tayar da yashi ya riƙe. Haka gaban igiya yake yi. Gefen da ya fara shiga inda tafiya ke da nauyi shi ke jinkiri, ɗaya gefen ya wuce shi, sai igiyar duka ta karkata. Idan ta shiga a miƙe, gefunan biyu tare suke rage gudu, babu karkata. Gwargwadon bambancin saurin, gwargwadon girman lanƙwasawar.

Ƙa'idar lissafin wannan lanƙwasawa, a fannin haske, masanin nan Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, a cikin wani littafi kan madubai da gilasai masu ƙona abu da hasken rana. Willebrord Snell na Holan ya sake gano ta a 1621, kuma da sunansa ta shahara a littattafan makaranta. Ƙa'idar ba ta da ruwa da ko haske ne ko sauti. Abin da take tambaya kawai shi ne saurin igiya a wannan gefe da saurinta a wancan.

Daga nan ake gane siffar tabarau. A ɗauka igiya ce ta taho daga nesa, gabanta a baje. Ana so duk sassanta su iso ɗigo ɗaya a lokaci ɗaya. Sashen tsakiya hanyarsa zuwa ɗigon gajeriya ce, sassan gefe kuwa tasu ta fi tsawo. To, sai an jinkirta tsakiya har gefuna su cim mata. Duk aikin tabarau ke nan: raba jinkiri daidai gwargwado, yadda kowane sashe zai ci lokaci iri ɗaya daga mafari zuwa matattara. Idan suka iso tare, matsewa ta haɗu da matsewa, amon ya yi ƙarfi.

Idan sauti yana tafiya a hankali cikin abin da aka yi tabaran da shi fiye da abin da ke kewaye, sai a yi shi mai tudu, kauri a tsakiya, sirara a gefe, irin siffar gilashin ƙara girma. Idan kuwa sauti ya fi gudu a cikinsa, sai a juya siffar: a yi shi mai kwarmi, siriri a tsakiya, kauri a gefe, domin a ba gefuna damar yin sauri. Wannan shi ne wurin da tabaran sauti ya saɓa wa abin da ido ya saba gani. Haske yana rage gudu a gilashi, saboda haka gilashi mai tattara haske mai tudu ne. Sauti kuwa ya fi gudu a yawancin abubuwa masu tauri fiye da a ruwa. Roba mai tauri irin ta akirilik tana ɗaukarsa da mita 2,700 a sakan, kusan ninki biyu na ruwa, don haka tabaran akirilik mai tattara sauti a cikin ruwa mai kwarmi ne.

Gwajin balan-balan

A shekarar 1852 wani masanin kimiyya Bajamushe, Karl Sondhauss, ya haɗa wasu fatu biyu sirara ƙwarai a kan zobe, ya cika tsakaninsu da iskar kabon dayokzayid har suka kumbura. Ya rataye agogo a gefe ɗaya, ya kai kunnensa ɗaya gefen, ya tarar akwai wurin da bugun agogon ke fitowa fes, idan ya gusa kaɗan kuma ya ɓace. John Tyndall ya bayyana wannan gwaji a littafinsa kan sauti da ya fito a Ingila a 1867, daga nan ya zama sananne a azuzuwan kimiyya.

Ana iya maimaita shi da kayan kanti. A sami robar ruwa babba mai cin lita ɗaya da rabi, a zuba mata binega rabin lita. A ɗura bekin soda cokali uku na cin abinci cikin balan-balan ta mazurari, a ja bakin balan-balan ɗin a rufe bakin robar da shi, sannan a riƙa ɗaga shi sannu a hankali garin yana zuba kaɗan-kaɗan, don kada kumfa ta hau ta cika shi. Iskar da ke fitowa kabon dayokzayid ce, kuma wannan adadi yakan kumbura balan-balan zuwa faɗin kimanin santimita 25. Ita ce dai iskar da ke tashi idan aka matsa lemon tsami a kan kanwa, sai dai ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, shi ya sa bekin soda ta fi sauƙin aunawa. Kada a kuskura a rufe robar da murfinta yayin da take tafasa, domin tana iya fashewa.

Idan an ɗaure bakin balan-balan ɗin aka sake shi, za a ga ya faɗi ƙasa da sauri fiye da wanda aka hura da baki, saboda iskar cikinsa ta fi iskar waje nauyi da kusan rabi. A ajiye agogo mai bugawa, ko waya mai fitar da siririn sauti ƙasa-ƙasa, a tazarar mita ɗaya da rabi a ɗaki mai shiru. Mutum ɗaya ya riƙe balan-balan ɗin a tsakani, mai sauraro ya toshe kunne ɗaya, ya riƙa matso da ɗayan yana ja da baya a bayan balan-balan ɗin. A wajen santimita 15 zuwa 25 daga jikinsa zai ji amon ya ƙaru. Idan aka janye balan-balan ɗin kunnen yana nan inda yake, amon ya koma ƙasa. Idan aka sa wanda aka hura da baki a madadinsa, ba a jin wani bambanci na a zo a gani. A yi gwajin da wuri, domin wannan iska tana sulalewa ta jikin roba da sauri.

Lissafin ba shi da wuya. Sautin da ya ratsa tsakiyar balan-balan ɗin ya yi tafiyar santimita 25 da saurin mita 267 a sakan, wanda ya bi ta gefe kuwa ya yi ta da saurin mita 343. Kafin na tsakiya ya fito, na gefe ya riga shi da kimanin santimita 7. Wannan 'yar tazara ita ce ta lanƙwasa gaban igiyar ta tura ta zuwa matattara. Balan-balan mai hiliyam akasin haka yake yi. Tsakiya ce ke riga gefe, sai sautin ya watse, wanda ke bayansa ya ji amon ya dushe.

Matsaloli biyu

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana a ɗauki gilashin ƙara girma a tattara sauti da shi. Abin da ya hana shi ne sautin ba ya shiga gilashin. Kowane abu yana da tirjiyarsa ga sauti, wato nauyinsa idan aka ninka shi da saurin sauti a cikinsa. Idan tirjiyar abubuwa biyu ta yi kusa, sauti yakan wuce daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da asara ba. Idan ta yi nisa, sai ya dawo baya a matsayin amsa-kuwwa. Tirjiyar ruwa ta ninka ta iska kimanin sau 3,500, saboda haka cikin kashi 1,000 na ƙarfin sautin da ya sauka a kan ruwa daga iska, kusan kashi 1 ne ke shiga. Shi ya sa wanda ya yi nutso ba ya jin maganar waɗanda ke bakin rafi. Tazarar gilashi da iska ta fi haka ma. Tsakanin iska da kabon dayokzayid kuwa abin da ke dawowa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mai ƙera tabaran sauti dole ya nemo abin da saurinsa ya bambanta da na kewaye amma tirjiyarsa ta yi kusa, kuma abubuwan da suka haɗa waɗannan halaye biyu ba su da yawa.

Matsala ta biyu ita ce girma. Tabarau ba ya tattara igiya sai faɗinsa ya ninka tsawon zangonta sau da yawa. Idan ya yi ƙanƙanta, igiyar kewaye shi take yi ta wuce. Zangon haske kimanin rabin kashi 1 cikin 1,000 na milimita ne, don haka gilashi mai faɗin santimita 5 ya ƙunshi zango kimanin 100,000. Sauti mai haz 100, irin kaurin muryar namiji, zangonsa mita 3.4 ne. Mai haz 1,000 santimita 34, mai haz 10,000 santimita 3.4. Wannan ne dalilin da ya sa balan-balan ke tattara bugun agogo amma ba ya yi wa muryar namiji komai. Haka kuma matattarar ba za ta ƙanƙance ta gaza kimanin rabin zango ba, komai ƙwarewar maƙerin.

Saboda waɗannan matsaloli, masu son tattara sauti a iska sun fi komawa ga madubin sauti, wato abu mai tauri mai kwarmi da ke dawo da igiya zuwa ɗigo ɗaya maimakon ya bar ta ta ratsa shi. A Denge da ke gaɓar teku a kudancin Ingila har yau akwai manyan madubai na kankare da aka gina tsakanin 1928 da 1930 don jiyo ƙugin jiragen sama daga nesa. Mafi girmansu katanga ce mai lanƙwasa mai tsawon kimanin mita 60. Zuwan na'urar rada ya sa aka daina amfani da su.

Wata dabara ta fito daga ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka. Winston Kock, wanda ke ƙera tabarau don igiyoyin rediyo masu gajeren zango ƙwarai, ya lura wasunsu suna aiki a kan sauti, ya kuma wallafa bayani tare da F. K. Harvey a 1949. Ya jera farantan ƙarfe a karkace, da rata a tsakaninsu. Sautin bai bar iska ba, saboda haka babu matsalar tirjiya, amma dole ya bi ta tsakanin farantan, hanyar da ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Idan karkatar digiri 45 ce, hanyar ta ƙaru da kimanin kashi 41 cikin 100. Inda farantan suka fi faɗi jinkiri ya fi yawa. Kamfanin JBL ya sa irin waɗannan faranta a gaban sifikokinsa a shekarun 1950, amma ya yanke su yadda za su baza siririn sauti ya game ɗaki, domin in ba haka ba tsaye yake tafiya ya bar na gefe ba su ji ba.

Tabarau a cikin halitta

Dolfin, dabbar teku mai shayarwa, tana farauta da kunne. Tana fitar da gajerun ƙararraki daga wasu leɓuna da ke cikin hanyar numfashinta, wasu sun haura haz 100,000, ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga kifi ko dutse. A goshinta akwai curin kitse da ƙarar ke ratsawa kafin ta fita. Kitsen ba iri ɗaya ba ne. Na tsakiya sauti yana tafiya a hankali a cikinsa, na gefe kuma ya fi sauri, don haka igiyar tana lanƙwasowa ciki sannu a hankali, ta fita a tsuke tana fuskantar gaba. Tirjiyar kitsen da ke daf da fata ta yi kusa da ta ruwan teku, sai ƙarar ta fita ba tare da asara mai yawa ba. Matsalolin nan biyu da ke damun maƙera, duk an warware su a goshin wannan dabba.

Irin wannan lanƙwasawa ta sannu a hankali tana faruwa a sararin da ke kan kowane gari. Da rana ƙasa takan yi zafi ta ɗumama iskar da ke daf da ita, ta sama kuwa ta fi sanyi. Sauti yana cin mita 355 a sakan a iska mai digiri 40, amma mita 340 a mai digiri 15. Ƙasan igiyar sai ya riga samanta, ta karkata sama ta wuce kan mutane. Da dare, musamman a sanyin hunturu lokacin da sama ta yi garau, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke kanta ta fi ta sama sanyi. Sai lamarin ya juya: sautin da ya nufi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a can nesa. Shi ya sa kiran sallar asuba na ƙauyen da ke maƙwabtaka, ko ƙugin manyan motoci a titin da ke da nisa, ke isowa sarai da asuba, alhali da azahar ba a jin su. Shirun dare yana taimakawa, amma ba shi kaɗai ba ne.

A teku abin ya fi haka girma. Ruwa yana ƙara sanyi idan ana nutsewa, saurin sauti yana raguwa, amma a can ƙasa nauyin ruwan da ke sama yana sa saurin ya sake hawa. A tsakani, wajen zurfin mita 1,000 a yawancin tekuna masu ɗumi, akwai shimfiɗar da sauti ya fi tafiya a hankali. Duk igiyar da ta nemi fita sama ko ƙasa sai a lanƙwaso ta ta dawo, ta ci gaba da tafiya a cikin shimfiɗar. Maurice Ewing da Lamar Worzel suka gwada haka a Tekun Atilantika a 1944. A 1991 an saki sauti kusa da Tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka kama shi a Bamuda bayan kusan awa 3, ya yi tafiyar kimanin kilomita 16,000.

A asibiti

Inda tabaran sauti ya fi amfani shi ne inda zango ya gajarce kuma ruwa ko tsoka ce ke kewaye. Na'urar sikanin ciki tana aiki da megahaz 2 zuwa 5, wato haz miliyan 2 zuwa 5. A megahaz 3.5 zangon a cikin tsoka bai kai rabin milimita ba, don haka tabarau mai faɗin santimita ɗaya ya wadatar. Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo, Sikotilan, suka wallafa aikin da ya buɗe wannan fanni ga likitocin mata a 1958.

Abin da ma'aikacin sikanin ke riƙewa yana gogawa a ciki, idan aka duba fuskarsa da kyau, za a ga wata 'yar shimfiɗar roba mai laushi, toka-toka ko baƙa, mai ɗan tudu idan aka shafa ta ta gajeren gefe. Wannan ita ce tabaran. Robar silikon ce, sauti yana cin wajen mita 1,000 a sakan a cikinta, ƙasa da na tsoka, shi ya sa take da tudu. A bayanta akwai jerin 'yan ƙananan duwatsu na musamman masu girgiza idan wutar lantarki ta taɓa su, masu kuma ba da wuta idan sauti ya girgiza su, halin da 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Robar tana tsuke sautin ya zama siririn yanki mai kaurin milimita kaɗan, yadda hoton da ke fitowa a allo zai zama na yanka ɗaya na jiki, ba gaurayen abin da ke gaba da baya ba. Man nan mai sanyi da santsi da ake shafawa a fata aikinsa korar iska ne. Ko 'yar iska siririya ta rage tsakanin robar da fata, kusan duk sautin zai koma baya, allo ya yi duhu.

Wannan 'yar roba tana buƙatar kulawa fiye da yadda akan ba ta. Faɗuwa ƙasa, karcewar farce ko zobe, da wanki da sinadarin da maƙera ba su amince da shi ba, duk suna sa ta tsage ko ta ɓare daga abin da ke bayanta. Inda ta ɓare iska ke shiga, sai wani baƙin layi ya sauko daga saman hoton ya rufe abin da ake nema. Tsagar kuma maɓoyar ƙwayoyin cuta ce. A asibitin da na'ura ɗaya ce ke duba matan gari da ƙauyukan kewaye, lafiyar wannan roba ba ƙaramin al'amari ba ne.

Idan aka ƙara ƙarfin sautin, matattara takan zama kayan aikin tiyata. A watan Fabrairun 1980 a birnin Munik na Jamus aka fara fasa tsakuwar ƙoda a jikin mutum ba tare da yanka ba, da na'urar kamfanin Dornier. Ita wannan da madubi mai kwarmi take tattara bugun. Wasu na'urorin da suka biyo baya suna fitar da bugun daga faifan ƙarfe da maganaɗisun lantarki ke fizga, sannan su tattara shi da tabarau mai kwarmi a cikin ruwa. A fata bugun a baje yake, ba ya yin illa mai yawa, a kan tsakuwar kuwa duk ya taru. Bayan bugu dubu biyu zuwa huɗu tsakuwar takan farfashe ta zama yashi ta fita da fitsari. Hanyar ta fi dacewa da tsakuwar da ba ta wuce santimita 2 ba.

Idan kuma aka bar sautin yana gudana ba yankewa, matattarar takan yi zafi ta haura digiri 55 cikin 'yan sakanni, ta kashe tsokar da ke wurin, wurin da faɗinsa bai wuce milimita kaɗan ba, ta bar abin da ke kewaye lafiya. William Fry da ɗan'uwansa Francis sun yi aiki a kan wannan a Jami'ar Ilinois a shekarun 1950. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da shi kan ƙarin mahaifa a 2004, kan wani nau'in karkarwar hannu kuma a 2016.

A masana'anta da cikin kogi

A 1974 Ross Lemons da Calvin Quate na Jami'ar Stanford suka ƙera madubin ƙara girma mai aiki da sauti. Tabaransa sandar dutsen safaya ce da aka yi wa ɗan ƙaramin kwarmi a baki, ana tsoma ta a ɗigon ruwa a kan abin da za a duba. Sauti yana cin wajen mita 11,000 a sakan a safaya, fiye da ninki 7 na ruwa, kuma wannan babban bambanci yana sa kwarmi ɗaya tak ya ba da matattara mai kaifi. Da irin wannan na'ura masana'antun kayan lantarki ke gano tsaga ko ɓarewa a cikin 'yan ƙananan sassan waya da kwamfuta ba tare da sun fasa su ba, domin duk inda iska ta maƙale amsa-kuwwa mai ƙarfi ke dawowa.

Akwai kuma kyamarar cikin ruwa mai suna DIDSON, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Washinton. Tana amfani da jerin tabarau na sauti, tana aiki da megahaz 1.8 idan ana son hoto mai kyau. Ba ta hango nesa, amma tana gani a ruwa mai laka da duhu inda fitila ba ta da amfani. A kogunan Alaska ana ƙirga kifin salmon da ita yayin da yake haurowa yin ƙwai.

Tabarau ba tare da abu ba

Tun da aikin tabarau raba jinkiri ne, ana iya raba shi da lantarki. 'Yan duwatsun da ke bayan robar na'urar sikanin sukan kai 128 ko fiye, kowanne da wayarsa. Kwamfuta takan kunna na gefe da farko, na tsakiya daga baya, da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na sakan ba tsakanin ɗaya da na kusa da shi. Igiyar sai ta fito a lanƙwashe kamar ta ratsa tabarau. Idan aka sauya tsarin jinkirin, matattarar ta matso ko ta nutsa, abin da roba ba za ta iya ba. Na'urorin da aka saba gani suna haɗa biyun: lantarki yana tsuke sautin ta dogon gefe, roba ta gajeren gefe.

Ƙoƙon kai shi ne ya fi ba masu wannan fanni wuya. Sauti ya fi gudu a ƙashi, kaurin ƙashin kuma ba ɗaya ba ne daga wuri zuwa wuri, don haka igiyar da ta ratsa shi takan hargitse. Na'urar da ake maganin karkarwa da ita kwano ce da ake kifawa a kai, mai ɗauke da duwatsu 1,024. Ana fara ɗaukar hoton ƙashin majinyacin, a lissafa jinkirin da ya dace da kowane dutse, yadda duk za su haɗu a ɗigo ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa. Na'ura ce mai tsada ƙwarai.

Wannan tsada ta sa aka sake waiwayar tabarau na abu. A 2016 masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Stutgat a Jamus suka buga wani faifan roba da injin buga abu mai kauri, fuskarsa duk tudu da kwari da aka lissafa ɗaya bayan ɗaya. Da suka ɗora shi a kan dutse ɗaya mai fitar da sauti a cikin ruwa, sautin ya taru a siffar kurciya, har ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a ruwan suka jeru suka fitar da hotonta. Masu bincike a Faransa da Sifaniya sun bi wannan hanya suka ƙera tabarau daidai da ƙoƙon kan mutum ɗaya, yadda dutse ɗaya zai yi aikin da ake yi da ɗaruruwa. Irin wannan tabarau yana da arha, amma kai ɗaya yake yi wa aiki, matattararsa kuma ba ta gusawa sai kaɗan, kuma har yanzu a matakin bincike yake.